Surukina Mai Jirgin Tsakar Gida

Tun da nake zuwa gidajen makoki a Gadarif, nan ƙasar Sudan, ban taɓa ganin inda mutane suka sha wahalar riƙe fuska kamar gidanmu ba. Mace za ta shigo da kuka tun daga ƙofa, ta ɗaga hannu ta ce "Alfatiha," mu shafa, ta rungume ni ta ce "Albaraka fikum, Allah ya jiƙan Usta." Tana juyawa neman tabarma sai idonta ya faɗa kan ƙarafan dogo guda biyu da suka ratsa tsakar gidan. Nan take za ta ja gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, ba mai iya rantsuwa cewa kuka take.

Wata tsohuwa da ta zo daga Basunda ta shigo tana kururuwa ido rufe, ta yi tuntuɓe da ƙarfen. Kukan ya tsaya cak. Ta dubi ƙasa ta ce, "La'ilaha illallahu! Wannan abin har yanzu yana nan?" Sannan ta ɗora kukanta daga inda ta tsaya.

A waje, ƙarƙashin rumfar maza, abin ya fi haka. Akwai direbobin tarakta daga Simsim, akwai tsofaffin ma'aikatan tashar jirgi, akwai masu yankan riɗi da suka bar gona suka zo. Za ka ji shiru, sai wata murya ƙasa-ƙasa tana ba da labari, sai dariya ta ɓarke, sai liman ya yi gyaran murya, a koma shiru. Na shiga ɗakin Inna, uwar mijina, na ce mata abin ya fara yawa.

Ta ce, "Ƙyale su, 'yata. Yana raye ma dariyar suke masa, kuma shi yake zuba musu shayi."

Ni surukarsa ce. Ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Gari na ce masa Usta, wato gwanin aikin hannu, mu muna ce masa Baba. Na zauna rubuta wannan ne saboda jikokinsa na tasowa, wata rana za su ga ƙarfe a tsakar gida su ɗauka tarkace ne.

Kakannin Baba da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka yada zango a Gadarif don su yi damina ɗaya, zangon ya zama gida. Shi kuwa tun yana saurayi ya ƙi fartanya, ya shiga aikin jirgin ƙasa, sikka hadid kamar yadda muke cewa a nan, ɓangaren masu gyaran wuta. Ana nan aka zaɓi wasu matasa aka tura su ƙasar Jamus koyon aiki na 'yan watanni, har da shi. Ya dawo da abu biyu: wata baƙar kwat mai nauyin bargo, da labarin wani inji da ya gani a can. Kwat ɗin ta tsufa. Labarin bai taɓa tsufa ba.

Lokacin da aka kawo ni gidan, duk wanda ke cikinsa ya riga ya ji labarin har ya ƙoshi. Da Baba ya gyara zama ya ce "A Jamus," sai ka ga kowa ya tuna da wani aiki. Ni kuwa amarya ce, kunya ba za ta bar ni in tashi surukina na magana ba. Bai ɗauki lokaci ba ya gane haka. Ina tsintar wake a bakin ƙofata, kai a sunkuye, sai ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan, ya fuskanci bango kamar da bangon yake magana.

"Amarya, wutar nan ta kahraba, lantarkin nan da kike gani, ba miƙewa take ta wuce kamar ruwan famfo ba. Zuwa take ta dawo, ta je ta dawo. Ta gari sau hamsin take yi a daƙiƙa ɗaya."

"To, Baba."

"Injin jirgi kuwa ba ya son garaje. In kika ba shi mai hamsin, ɗan gawayin da ke cikinsa sai ya kama tartsatsi, injin ya yi zafi. To sai mutanen nan suka gina wani zaure, ya fi masallacin Juma'a tsawo, suka haɗa inji biyu a sanda ɗaya. Na farko ya sha wutar gari ya juya. Juyawarsa ta juya na biyu. Na biyun ya haifo wata wuta sabuwa, mai natsuwa, kashi ɗaya cikin uku na ta gari. Ita ake ɗorawa a waya saman dogo, jirgi ya miƙa hannu ya sha. Ba hayaƙi, ba gawayi, ba gas. Hamsin a raba uku, nawa ke nan?"

"Sha shida, Baba."

"Da sulusi biyu! Kada ki yar da sulusi biyun nan, amarya. Mutane da yawa a nan suke ɓata."

Na ji wannan karatun sau da yawa har na iya shi kamar ƙulhuwallahu. Ya kuma ci gaba da kirana amarya har na aurar da 'yata ta fari.

Kunnensa ma ba irin na mutane ba ne. Ana cikin cin abinci sai ya ɗaga yatsa, kowa ya tsaya da loma a hannu. Ya saurari fanka ya ce, "Yau wutar gari ta gaji, ba ta kai hamsin ba." Ko da gaske ne ko ba da gaske ba, ba wanda ke da abin aunawa balle ya ƙaryata shi.

Ya dawo daga Jamus da yaƙinin cewa ba za a daɗe ba za a ja waya saman dogon Gadarif, dawa da riɗinmu su riƙa tafiya Bur Sudan da wuta. Ba a ja ba. Jiragen ma suka riƙa raguwa, ciyawa ta rufe dogo, manyan motocin lori suka karɓe dakon. Baba ya bar tasha ya koma gyaran taraktoci a manyan gonakin Simsim, inda ake noma da inji har iyakar ganinka. Can ya yi suna, can ya ciyar da iyali. Amma bai taɓa yafe wa lori ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke ce wa Baffa, direban lori ne. Kuma ba yadda Baba zai je Simsim sai a motar Baffa. Sai ya ƙi zama a gaba. Saman kaya yake hawa, ya juya baya yana kallon inda aka fito, wai don kada a ce ya yarda da tafiyar. In damina ta kankama motar ta kafe a baƙar lakar nan tamu mai kama ƙafa, kowa ya sauko turi, shi yana zaune a sama.

Baffa ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, ka sauko mana ka sa hannu!"

"Jirgi ba ya kafewa."

"Jirginka yana ina?"

"Yana zuwa."

Da ya ga gwamnatoci na zuwa suna wucewa ba wanda ya ja waya, sai ya yanke shawarar zai nuna wa Gadarif abin da ido. Duk ƙarshen kaka ya dawo daga Simsim da wani ƙarfe. Tsohon injin niƙa ya fara kawowa, sannan janaretan da ya ƙone ya sake naɗe shi da hannunsa, sannan faifan ƙarfe ƙarami da babba da bel mai haɗa su, yadda in na farko ya juya sau uku na biyu zai juya sau ɗaya. Siraran ƙarafan dogo kuwa wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya samo su. Duk ya tara a ɗakin da ke manne da nawa.

Ranar da injin ya fara tashi, ya jona masa ƙwan fitila ɗaya don ya ga sabuwar wutarsa. Fitilar ta kama ƙyafta ido ba tsayawa. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta leƙa ɗakin, ta fita da gudu ta bar takalmi, kafin la'asar unguwa ta ɗauka Usta ya kama aljani ya sa a kwalba. Baba kuwa murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce ƙyaftawar ita ce shaida, wutar ta rage gudu har ido na iya ganin zuwanta da dawowarta.

Ba zan ɓoye ba, ƙugin injin nan ya hana ni sakat. Amma ina da jariri a lokacin, mai ciwon ciki da kukan da ba ya jin lallashi. Wata rana da rana tsaka yana tsala ihu aka tada injin, sai yaron ya yi shiru, ya lumshe ido, ya yi barci. Baba ya lura. Daga ranar, ko yana cin abinci ya ji kukan yaron sai ya wanke hannu ya je ya tada inji, ba ya ce mini komai, ni ma ba na ce masa komai. Haka muka raini yaron nan mu biyu, bango a tsakaninmu.

Jirgin kansa angarib ne, gadon igiyar nan namu, ya sa masa ƙafafun ƙarfe huɗu da ƙaramin inji a ƙasa, da sanda a tsaye mai shafar waya. Wayar kuwa ta shanyar Inna ce. Ta fito da wanki a kai ta tarar an ɗaga ta sama, an ce kada kowa ya taɓa.

Ta ce, "Usta, kayan jikokinka fa, a kanka zan shanya?"

"Hajja, tarihi ake yi a gidan nan."

"A yi shi a gidan wani."

Bayan an gama girbi ya gayyaci jama'a gwaji. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Baba ya sa kwat ɗinsa ta Jamus cikin zafin da ke narkar da kwalta, gumi na bin gemunsa. Ya nemi fasinja, kowa ya dubi ƙasa. Sai Baffa ya tattare jallabiyarsa ya haye angarib ɗin ya harɗe.

"Ni zan hau, Yaya. Ina so in kasance a kusa lokacin da ƙarya za ta ƙare."

Baba ya yi bismillah ya tada inji. Ƙugi ya cika gida. Ya ɗaga makunni. Na rantse da Allah abin ya tafi! A hankali ya fara, ba hayaƙi, ba ƙara sai ɗan tsaki a saman waya. Mutane suka ɗauki kabbara, mata suka yi guɗa. Baffa ya buɗe baki. Sai gudu ya ƙaru. Baffa ya waiga ya ce, "Yaya, ya isa, taka birki!"

Na ga fuskar Baba a lokacin. Fuskar mutumin da ya isa kasuwa ya tuna ya bar jakar a gida.

Dogon ya ƙare a bakin madafar Inna, jirgin bai ƙare ba. Ya kwashe randunan ruwa, ya shige ciki, muka ji rugugin tukwane. Wutar unguwa gaba ɗaya ta ɗauke. Can sai ga Baffa ya rarrafo, ƙullun kisra, wainar dawarmu, tun daga rawani har gira, yana tofar da tsami.

"Shekara da shekaru kana gina abu ba birki?"

Baba ya gyara wuyan kwat ya ce, "Sashen wuta aka kai ni a Jamus. Birki wani sashe ne dabam."

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Randunan nan na mahaifiyarta ne. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi komai tsoratar da mu. Washegari ta ɗaure kayanta ta tafi Basunda gidan yayanta, mace mai jikoki ta yi yaji. Baba ya ce za ta huce. Ya zauna yana cin tuwona yana yabawa da ƙarfi don a kai mata labari. Ba ta huce ba. Na riƙa ganinsa da hantsi ya ɗauki kofi biyu na jabana, gahawarmu ta nan, ya fito, sai ya tsaya, ya mayar da ɗaya. Ya rame. Ya daina sauraron fanka.

Ranar da ya tafi biko, a motar Baffa ya tafi, kuma a gaba ya zauna. Baffa ya ce har suka isa bai tsokane shi ko sau ɗaya ba, don abin ya wuce wasa. Inna ta gindaya sharaɗi a gaban yayanta: a sauke waya, a rufe ɗakin inji, kada ta ƙara jin ƙuginsa. Baba ya ce ya yarda. Ya kuma cika. Ƙarafan dogo kawai aka bari, don ya riga ya kafe su da siminti.

Shekaru suka wuce haka. Ko labarin Jamus ya rage, sai in baƙo ya yi kuskuren tambayar mene ne wannan a ƙasa. Wani lokaci nakan gan shi ya tsaya a ƙofar ɗakin da ke rufe, ya ɗan jima, ya wuce masallaci.

Sai ciwo ya kama Inna, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta bai taɓu ba, alhamdu lillahi, amma ƙafa ta ƙi. Mijina da ƙannensa suka ce za su riƙa ɗaukarta zuwa rumfar da ke gindin dalbejiya ta sha iska. Ta ce ita da ta goya su ba za su ɗauke ta kamar buhun dawa ba. An kawo keken guragu, ta ce ƙasar gidan duk rami ce, kuma ba za ta shiga abin asibiti ba. Ta kwanta a ɗaki cikin zafi, ta juya wa ƙofa baya. Ƙawayenta suka rage zuwa. Abinci ma sai da roƙo. Muna gani tana tafiya a hankali, ba yadda muka iya.

Wata safiya ina shafa mata mai, Baba na zaune bakin gado yana mata fifita, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "Usta."

"Na'am, Hajja."

"Shirmen nan naka yana nan?"

Mafici ya tsaya a hannunsa. "Yana nan."

"Ka koyi birki?"

Tsohon nan ya tashi ya fita bai ko sa takalmi ba. Gidan Baffa ya nufa. Da yamma sai ga su su biyu, Baffa ɗauke da birkin wata tsohuwar lori a kafaɗa. Suka duƙufa suna aiki suna faɗa, wannan ya ce jirgi, wancan ya ce ai ga shi sai da lori ta cece shi. Suka karkatar da dogon daga madafa, ya tashi daga ƙofar Inna ya ƙare a rumfa. Suka ɗaga waya sama yadda hannun yaro ba zai kai ba. Baba ya rage wa injin ƙarfi har kaza na iya wuce shi. Ya daidaita tsayin angarib ɗin da na gadonta, yadda za ta ja jiki da kanta ta koma kai ba wanda ya taɓa ta.

Daga nan kullum da hantsi sai ka ji ƙugi. Baba ya fito cikin kwat, ya tsaya a bayan jirgi riƙe da birki, ya ɗaga murya:

"Fasinjan Rumfa! Jirgi zai tashi!"

"Ni kaɗai ce, Usta, wa kake wa ihu?"

"Ƙa'ida ce, Hajja."

Tana tafe tana mita, wai yana gudu, wai yana jan jiki, wai direban ya tsufa. A rumfa ƙawayenta na jira da garwashi da jabana. Ta koma cin abinci, ta koma yi wa kowa faɗa. Mata daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa gaishe ta, rabinsu don su ga tashin jirgi. Likita ya ce bai san abin da muka ba ta ba, amma mu ci gaba.

Baba ne ya riga ta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da safe bayan ya yi salla a zaune. Da aka gama wanka aka sa shi a likkafani, maza suka shigo za su ɗauka, sai Inna ta yi magana daga kan gadonta.

"Ku ɗora shi a jirginsa."

Aka dubi liman. Liman ya shafa gemu, ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka hana ba, muddin daga bakin rumfa za a ɗauka a kafaɗa. Aka shimfiɗa shi. Mijina ya shiga ya tada inji. Baffa, wanda shi ma yanzu da sanda yake tafiya, ya kama birki. Jirgi ya tashi a hankali, mata na kuka ƙasa-ƙasa.

Ana tsakiyar gida aka ɗauke wuta.

Ƙugin ya mutu, jirgin ya tsaya. Maza suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san ko dariya zai yi ko salati. Inna ta ja jiki zuwa bakin gado inda take hango su.

"Ku tura shi mana. Ku yi masa ƙugin da baki. Haka yake mini duk ranar da ba wuta, yana daga baya yana turawa yana ƙugi, wai shi a dole ban sani ba."

Duk gidan mun sha gani, ba wanda ya taɓa faɗa. Ashe ita ma ta sani.

Baffa ya jefar da sandarsa. Ya dafa angarib ɗin da hannu biyu, ya rufe baki, ya fara ƙugi daga maƙogwaro, hawaye na zuba a gemunsa. Mijina ya kama. Direbobin tarakta suka kama. Haka suka tura shi a hankali har rumfa, manyan mutane masu furfura suna ƙugi, liman na biye yana salati. A nan Baffa ya ja birki, jirgin ya tsaya daidai, suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba Baffa haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, ko da dariya ya karanta, ya yi masa Fatiha.